Maƙalar da na fi shan wahala a kanta ita ce ba a ambata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cike takardar neman tallafin bincike, an ce in rubuta ma'aunina na h, wato lambar da ke nuna yadda ake ambaton maƙalun mutum a cikin wasu maƙalu. A shafukan da ke ƙirga ambato, Google Scholar ya ba ni 9, Scopus ya ce 6. Wanne zan sa? Abin da ya fi sosa mini rai ma, maƙalar da na shekara uku ina fama da ita, kan yadda wani furotin ke kunna ƙwayar gado, sau huɗu kacal aka ambace ta, biyu daga ciki kuma ni ne da kaina. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Wata dakta: Wa alaikumus salam, Malam. Sa na Scopus, ka rubuta inda ka samo shi. Scholar har kundin digirin ɗalibai yake ƙirgawa, da maƙalun shafin bioRxiv da ba a riga an tantance ba, shi ya sa nasa ke kumbura. Ni kam suna ne ya ba ni ciwon kai. Wata mujalla ta fara da sunana, wata ta fara da na mahaifina, sai Scopus ya raba ni gida biyu. Sai da na buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, na kuma nemi a haɗe mini su, kafin ayyukana suka koma wuri guda.

Wani farfesa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Jorge Hirsch da ya ƙirƙiro ma'aunin a 2005 masanin fiziks ne, abin da yake aunawa kuma ɗaya ne: in kana da 6, maƙalunka shida kowacce an ambace ta aƙalla sau shida. Bai san daren da ka kwana kana jiran PCR, gwajin ninka DNA, ba. A fanninmu, dabarar aiki ce ke kwashe ambato. Lissafin da mujallar Nature ta fitar a 2014, maƙalar Lowry ta 1951 kan auna furotin ce ta zo ta ɗaya, da ambato sama da 300,000, ta Laemmli na biye. Ta Watson da Crick ta 1953 kan siffar DNA ko ɗari na farko ba ta shiga ba. Ni ma haka. Tawa da ta fi farin jini shafi uku ce, kan wani ɗan gyara wajen ciro RNA, a mako biyu na rubuta ta. Har kunya nake ji in an yabe ni a kanta.

Ɗalibin digiri na uku: Ranka ya daɗe, akwai kuma na ƙarfa-ƙarfa. Mai tantance maƙalarmu ya turo jerin ayyuka biyar, wai dole mu ambata, duk daga ɗakin bincike guda, babu wanda ya shafi aikinmu. Malamina ya rubuta wa edita, a ƙarshe ko ɗaya ba mu sa ba, aka kuma buga.

Wata dakta: Madalla da malaminka. Ni a lokacina tsoro ya sa na sa biyu, har yau in na buɗe shafin sai na ji ba daɗi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na sa 6. Akwai gurbin da aka ce a zaɓi maƙala uku a bayyana muhimmancinsu, mai ambato huɗun nan na fara sawa. Dakta, wata nawa Scopus ya ɗauka kafin ya haɗe miki sunayen?