Hoto suke so ko ilimi?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa da kwamfuta daga 2026 nake jin ana ta murna, wai satar amsa ta zo ƙarshe. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, daga malamin aji har hedimasta, kuma ga abin da na gani: shugaban da ya sayo kwamfuta kafin ya gyara malami, hoto yake nema, ba ilimi ba. Kwamfuta ana jera ta a ɗaki, a kira 'yan jarida, a yanka ƙyalle, a tafa. Malamin da aka biya albashinsa a kan lokaci kuwa, wa zai ɗauki hotonsa? Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki.

Auwalu: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ku kuka koya mana gardama da hujja, to yau da ku zan yi ta. Ni a shagona nake yi wa yara rajistar JAMB duk shekara. Malam ya tuna yadda ake yi lokacin takarda da fensir? Tambayoyi su fita tun daren jarrabawa, sojan gona ya shiga ya rubuta wa ɗan mai kuɗi, a yi wata da watanni ana jiran sakamako. A 2013 JAMB ta fara gwada kwamfuta, a 2015 ta koma kanta gaba ɗaya. Yanzu sai ka ɗora yatsa an tantance ka kafin ka shiga, tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma wanda ke zaune kusa da kai ba lallai tambayarsa ta farko ta zama taka ba. Wannan ba hoto ba ne Malam. Ɗan talakan da ya yi karatu shi ya fi kowa cin moriyarsa.

Malama Rabi: Auwalu, ɗan talakan birni kake nufi. Zo makarantarmu ka gani. Ajina na SS3 'yan mata sun haura 90, wasu a kan tabarma suke zama. An kawo mana kwamfutoci shekarun baya, har yau suna cikin kwali a sito. Ba mu da wuta, ba mu da sola, shugabar makaranta kuma ta ce ba za ta buɗe ba, kada ɗaya ta lalace a ce ta biya da albashinta. Ban ga laifinta ba. Akwai yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a Turanci a ajin nan, ranar da ta fara taɓa kwamfuta a rayuwarta ita ce ranar jarrabawar JAMB. Ta dawo tana kuka, ta ce hannunta ne ya dinga rawa har lokaci ya tafi.

Auwalu: Anti Rabi, ai ba a ma buƙatar iya linzamin kwamfuta. A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Minti goma ya isa a koya wa yaro.

Malama Rabi: Minti goman a ina? A kan kwali?

Alhaji Tijjani: Ina ta karantawa ina murmushi. Yaya Garba, na yi aiki kusa da masu mulki, bari in faɗa muku abin da ba ku son ji. Kullum malamai suna cewa a fara gyara malami. To an taɓa gwadawa. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai a Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kawo makin da aka sa, kashi 75 cikin 100. Aka ce za a sallame su a ɗauki sababbi 25,000. Me ya biyo baya? Zanga-zanga, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, zagi ta ko'ina. Duk gwamnan da ya kalli abin nan ya ɗauki darasi: in ka sayo kwamfuta a tafa maka, in ka taɓa malami a tsine maka. Ku kuka koya musu son hoton da kuke zarginsu da shi.

Nura: Gaskiya Alhaji ya zo da magana.

Malam Garba: Tijjani, na gode da ka kawo Kaduna, don ita ce hujjata, ba taka ba. Ban taɓa kare malamin da ba zai iya lissafin ɗan aji huɗu ba. Na zauna da irinsu a ofis ɗaya, na sha karɓar aji daga hannun wani in koyar da kaina don kunya. Amma ka tambayi kanka ta wace ƙofa suka shigo. Ina hedimasta, sau nawa aka turo mini mutum da takardar ɗaukar aiki a hannu, na ce ya rubuta mini sunan makarantar nan a allo ya kasa? In na yi magana a ce ɗan gidan wane ne, ya yi wa jam'iyya wahala lokacin zaɓe. Aikin koyarwa ya zama tukuicin da ake raba wa 'yan kamfe. Wanda ya cusa su ɗan siyasa ne, wanda ya kore su ɗan siyasa ne, sunan malami ne kaɗai ya ɓaci a tsakani.

Sannan kora daban, gyara daban. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai ta Grade II, shekaru muka yi ana koya mana yadda ake tsayuwa a gaban aji, yadda ake rubutu a allo ba ka juya wa yara baya gaba ɗaya ba, yadda ake gane yaron da bai fahimta ba tun daga idonsa. Ranar gwajin koyarwa malaminka yana zaune a bayan aji da biro, ko shirin darasinka bai cika ba sai ka sake. An rufe waɗannan kwalejoji, an ce NCE, wato takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar malami. Madalla. Amma me aka zuba a cikin NCE ɗin?

Dakta Hadiza: Wannan tambayar tawa ce Baba, tunda a kwalejin ilimi nake koyarwa. A taron JAMB na 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 aka sa, na kwalejin ilimi 100, cikin 400. Kenan tun a bakin ƙofa mun yanke cewa wanda zai koyar da 'ya'yanmu shi ne wanda ya rasa gurbi a wani wuri. Akwai masu ƙoƙari a cikinsu, ina alfahari da su, amma in na tambayi sababbin ɗalibai wa ya zo don yana son koyarwa, hannuwan da ke ɗagawa ba su da yawa.

Sai dai ban bi ku har ƙarshe ba Baba. Ba duk kwamfuta ce hoto ba, ya danganta da hannun da aka damƙa wa. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola a Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo, cike da littattafai. A 2018 gwamnatin Godwin Obaseki a Edo ta fara shirin EdoBEST, ita kuma malamai ta ba wa, bayan an horar da su, da darasin kowace rana a ciki, kuma na'urar tana nuna malamin da ya shiga aji da wanda bai shiga ba. Na farko ya tsallake malami ya tafi wajen yaro. Na biyu ta hannun malami ya bi. Ni na biyun nake goyon baya.

Malam Garba: 'Yata, malamin da na'ura ke gaya wa abin da zai faɗa kalma bayan kalma, malami ne ko mai karanta sanarwa? Yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar da babu a ciki fa?

Dakta Hadiza: Ga malami irinku takura ce. Ga wanda kuka ce ya kasa rubuta sunan makaranta a allo, sanda ce da zai dogara da ita kafin ƙafarsa ta yi ƙwari. Kuma irinku nawa suka rage a azuzuwa?

Nura: Ni a ganina matsalar ita ce ba malamai ke mulki ba. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shagari ma malamin makaranta ne. Shi ya sa suka san darajar ilimi. A dawo da malamai kan mulki a gani.

Alhaji Tijjani: Nura, Umaru 'Yar'aduwa malamin kimiyya ne, a zamaninsa ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aikin watanni a 2009. Jonathan ma ya koyar, a nasa zamanin aka rufe jami'o'i daga Yuli zuwa Disambar 2013. Kujerar nan tana da nata karatun da take koya wa mutum.

Malam Garba: A nan kam na yarda da Tijjani, ko da yake ba na so. A zamanin su Sardauna koyarwa ce babban aikin da ɗan boko zai samu a Arewa, don haka masu kaifin ƙwaƙwalwa can suka nufa. Abin da nake so ya dawo kenan Nura, ba kujerar ba.

Malama Rabi: Mu koma kan kwamfutar Auwalu. A watan Mayun 2025 ba shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ne ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ba, ya ce an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas? Yara kusan 380,000 aka ce su sake rubutawa. Wannan a Legas kenan, inda suke da komai. To ina ga ƙauyenmu?

Auwalu: Yauwa Anti, ita nake jira. An gano kuskuren ne saboda kwamfuta tana ajiye sawun komai, aka bi aka ga inda abin ya karkace, mutumin ya amsa laifi, aka sake wa yara. Da takarda ce, wa zai sani? Sai a ce yara ba su yi karatu ba, shi ke nan. Kuma a watan Mayun nan dai, jarrabawar Turanci ta WAEC, ta takarda, ba a wasu jihohi aka kai dare ana rubutawa da tocila da hasken waya ba, saboda takardun sun makara? Ita ma takardar ba waliyyiya ba ce.

Malam Garba: Wannan ka ci ni Auwalu, ban da amsa. Na kuma yarda JAMB ta fi da tsabta. Amma JAMB tambaya 180 ce ta zaɓi ɗaya cikin huɗu, awa biyu ka tashi. WAEC makonni ake yi, da insha'i, da zane, da gwajin kimiyya, a kowace makaranta har wadda mota ba ta zuwa da damina. Yarinyar Rabi da hannunta ya yi rawa a kan harafi ɗaya, ita za ta buga insha'in shafi biyu?

Ga kuma abin da ya fi damuna. A jarrabawar JAMB ta 2025 ɗin nan, ko bayan an sake wa yaran, cikin yara kimanin miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba. Kwamfuta ta auna, ta faɗi gaskiya, na gode mata. To sai me? Mudu mai kyau muka sayo, rumbun kuwa babu hatsi. Kuɗin noman yana nan: dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, sharaɗin kawai jiha ta kawo nata rabin. Jihohi nawa suka bar nasu kason yana kwance shekara da shekaru don ba su kawo ba? Tijjani, kai ka zauna da su, ka ba ni amsa.

Alhaji Tijjani: Yaya, kuɗin da aka sa wa ido da sharaɗi ba shi da farin jini a gidan gwamnati. Iyakar abin da zan ce kenan a zaure.

Dakta Hadiza: Ai ka faɗa Alhaji.

Auwalu: To ni dai ko an ɗaga komawar WAEC da NECO kan kwamfuta ko ba a ɗaga ba, JAMB tana nan tafe. Anti Rabi, ina da kwamfuta 20 a shago, ranar Asabar da safe ba kowa. Ki kawo 'yan SS3 ɗinki kashi-kashi, kyauta, man janareto a kaina. Sati biyar kowacce ta zauna a gaban kwamfuta ko sau ɗaya ne.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri ƙanena, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai tsakaninmu da gari akwai tafiya, kuma iyaye ba za su bar 'yan mata su hau acaɓa su kaɗai ba. Mota muke buƙata, ni zan raka su.

Nura: Alhaji Tijjani, ga naka.

Alhaji Tijjani: Zan yi wa maigida magana, yana da bas ɗin da ke ajiye tun bayan zaɓe. Ina ganin zai bayar. Sai dai na san shi, zai so ya zo ranar farko a ɗan ɗauki hoto da yaran.

Malam Garba: Auwalu, ka dai ji da kunnenka.

Malama Rabi: A ɗauka Malam, ko guda hamsin ne. Ni dai Alhaji ka tabbatar mini motar za ta dawo Asabar ta biyu.