Zaure ɗaya, waƙar 'yan hijirar Chile da kiɗan Sikotilan: ya suke yi kiɗan ya zauna?

Ɗan Barnawa:
Salamu alaikum jama'a. Ƙungiyar unguwarmu na da zaure mai cin mutum kamar 60. Muna so mu riƙa zaman kiɗa sau ɗaya a wata, masu goge da kalangu tare da samarin da ke kaɗa jita. An ba mu misali da ƙananan zauruka a Sikotilan inda waƙoƙin 'yan gudun hijirar Chile ke haɗuwa da kiɗan gargajiyar can. Me ya haɗa su tun farko? Kuma a aikace ya suke yi kayan kiɗan ba sa karo da juna?

Malamin Kiɗa, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Siyasa ce ta haɗa su kafin kiɗa. Ranar 11 ga Satumba 1973 Janar Pinochet ya kifar da gwamnatin Salvador Allende, cikin 'yan kwanaki sojoji suka kashe mawaƙi Víctor Jara, mawaƙa da dama suka watsu cikin Turai. A 1974 ma'aikatan Rolls-Royce na East Kilbride, kusa da Glasgow, suka ƙi gyara injinan jiragen yaƙin Chile. To da 'yan hijira suka isa Sikotilan sun tarar da masu tarbarsu a ƙungiyoyin ƙwadago, da yawa kuma masu son waƙar gargajiya ne. Irin zauren, 'yan Chile peña suke ce masa: ɗaki ƙarami, abinci, mawaƙi dab da jama'a. Wanda ya fi shahara iyalan Parra, mawaƙan Chile, suka buɗe shi a Santiago a 1965.

Batun karo kuwa, daga ki (key) ake farawa, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, wanda ake wa suna da haruffa A zuwa G, kowanne da babba (major) da ƙarami (minor). Charango, ƙaramar jitarsu mai tsirkiya 10 bibbiyu, ana ɗaure ta G, C, E, A, E, don haka A ƙarami da E ƙarami sun fi mata sauƙi. Sarewarsu ta quena yawanci a G take. Gogen Turawa na Sikotilan G, D, A, E ne, ƙaramar sarewarsu kuma a D. Mahaɗar kowa ita ce G, D, E ƙarami da A ƙarami. Kiɗan rawar Sikotilan da yawa a A babba yake, nan mai quena ke wahala da toshe rabin rami, sautin ya riƙa karkacewa. Maganin shi ne a sauko da kiɗan zuwa G.

Mai Ganga na Tudun Wada:
Malam ya yi daidai, amma ki ba shi ne babban tarkon ba, bugu ne. Jig na Sikotilan da cueca ta Chile, kiɗan rawa ne dukansu, duk bugu 6 ake ƙirgawa, sai mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. A jig kullum 3 da 3 ake raba shidan. A cueca ana juyawa, yanzu 3 da 3, an jima 2, 2, 2, wani lokaci jita na kan ɗaya, murya na kan ɗayan. Mai goge da bai saba ba zai zaci mai ganga ya ɓata, ya bi shi don gyarawa, shi ke nan kiɗa ya watse. A gwaji, a ajiye kayan duka, a yi minti 10 ana tafi kawai, rabi na tafa uku-uku, rabi bibbiyu, har kunne ya saba. Masu kalangunmu wannan ba baƙon abu ba ne gare su, samarin jita ne za su sha aiki.

Sai algaitar jaka, irin ta 'yan badujala a fareti. Ba ta shiga irin wannan zaman. Sautin da take kira A yana karkarwa sau 470 zuwa 480 a sakan ɗaya, sauran kaya kuwa a kan 440 ake saita A ɗinsu, ga ta da ƙarar da ba a iya ragewa. Akwai ƙanwarta da ake hura wa iska da zugazugi a hammata, ita ake kawowa cikin ɗaki don tana kan 440, muryarta kuma ba ta danne waƙa. Algaitarmu ma hukuncinta ke nan: ta tarbi baƙi a ƙofa, ta tsaya can.

Ɗan Barnawa:
Na gode. To gogenmu fa, da ba shi da wani 440?

Anti Mai Lasifika, Kawo:
Ƙanena, jita ce za ta bi goge. Mai goge ya ja tsirkiyarsa inda muryar mawaƙinsa ta zauna, masu jita su saita da kunne, su ajiye manhajar waya. Da hunturu fata na bushewa ta ɗaure, sauti ya hau, da damina ta saki. A shigo da kaya ɗakin minti 30 kafin farawa, a kuma sake saitawa bayan kowace waƙa biyu ko uku.

Mutum 60 ba sa buƙatar tarin kaya. Makirufo 2 na murya, 1 na goge, 1 na jita, mikisa mai layi 6, lasifika 2. Kalangu kada a ba shi ko ɗaya, ya isar wa kansa. Lasifika su kasance gaban makirufo suna kallon jama'a, in suna baya za su yi ta kuwwa. Bangon siminti da rufin kwano na maido da amo, a rataya tabarmi ko darduma a bangon da ke fuskantar makaɗa. Janareta a kai shi bayan gini, mikisa da lasifika su sha wuta daga soket ɗaya, in ba haka ba za ku ji gurnani a ƙasan sauti.

Abin da ba a faɗa ba shi ne tsarin daren. Waƙar Chile kalmomi ne, ana yin tsit a saurara, shi ya sa ake fara bayanin ma'anarta cikin jimla biyu. Kiɗan Sikotilan kuwa ana hira ana rawa a kansa. In aka fara da rawa ba wanda zai sake yin shiru. Waƙoƙin saurare su zo farko, kowane ɓangare minti 20 shi kaɗai, sannan a haɗu a waƙa biyu da aka gwada tun da rana. Ku sanar da mai unguwa, ku fara bayan Isha'i, ku tashi kafin goma.