Yaya zan koyar da Matiyu 24 wa matasa ba tare da na tsorata su ba?

Malamar Makarantar Lahadi, Katsina:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wani bidiyo yana yawo a WhatsApp, mai wa'azin ya yanka wa dawowar Yesu rana, har yana cewa lambar NIN ita ce 666, lambar dabbar nan ta littafin Wahayin Yahaya. Matasan ajinmu sun rikice. Ta ina ya kamata a faro, kuma mako nawa zai isa?

Fasto mai ritaya, Daura:
'Yata, mako huɗu ya isa, minti 40 kowane zama, amma kada ki faro da alamu. Ki faro da aya 1 zuwa 3. Yesu ya ce za a rushe Haikali, sai almajirai suka haɗa tambaya biyu a baki ɗaya: yaushe wannan zai faru, kuma mece ce alamar zuwansa da ƙarewar zamani. Wanda bai raba tambayoyin nan ba, duk surar za ta cakuɗe masa. Haikalin dai sojojin Roma ƙarƙashin Titus sun rushe shi a shekara ta 70. Ki sa su karanta aya 15 zuwa 20 tare da Luka 21:20, inda aka ce sojoji za su kewaye Urushalima. Mutanen Yahudiya ne aka ce su gudu kan duwatsu.

Mako na biyu, aya 4 zuwa 14. Yaƙe-yaƙe, yunwa, girgizar ƙasa: Yesu da kansa ya ce ƙarshen bai zo ba tukuna, mafari ne kawai. A nan masu bidiyo suke tuntuɓe, suna ɗaukar abin da aka ce kada ya firgita mu su mai da shi agogo. Mako na uku, aya 36 zuwa ƙarshe, ki haɗa da Ayyukan Manzanni 1:7. Ki ba su misali biyu na tarihi. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, wani mai wa'azi a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, ya sake ɗagawa zuwa Oktoba, shi ma haka. Mako na huɗu kuwa sura 25 gaba ɗayanta.

Dattijon ikkilisiya, Malumfashi:
Baba Fasto ya yi daidai, sai dai ni zan sa Matiyu 13 a gaba. Yaro in bai gane Mulkin Allah ya riga ya fara ba, zai zaci duk zancen na gobe ne. Luka 17:21 ya ce Mulkin yana tsakaninmu, amma har yanzu muna addu'a Mulkinka ya zo. Duka biyun gaskiya ne: an shuka, ba a girbe ba.

Malama, misalin alkama da ciyawa ki fassara musu da gero da shibra. Suna ƙanana ba ka bambance su, sai sun fid da kai. Wani zai ce ai manomi yana cire shibra, ki amsa masa da aya 29: maigidan ya hana ne don kada a tumɓuke har da alkamar. Misalin yisti a mudu uku na gari kuma, duk wadda ta taɓa kwaɓa ƙullin waina ta san ba a ganin lokacin da yake tashi.

Ɗalibin tauhidi, Funtua:
Kan 666, Wahayin Yahaya 13 ya ɗaure alamar da yi wa dabbar sujada. Ba wanda ake sa wa ita bai sani ba a layin rajista. 1 Yahaya 2:18 ma ta ce magabtan Almasihu da yawa sun riga sun fito tun zamanin manzanni.

Shekara dubu ta Wahayin Yahaya sura 20 kuwa, Malama, ki gaya musu gaskiya cewa masu bi sun rabu uku: masu cewa Yesu zai dawo kafin ta, masu cewa bayanta, da masu cewa adadin misali ne na zamanin ikkilisiya. Kada ki mai da ɗaya ma'aunin ceto.

Shugabar Zumuntar Mata, Katsina:
Abin da nake tsoro shi ne yaran su bar karatu da gona wai duniya ta ƙare. An yi wannan a Tasalonika, shi ya sa Bulus ya rubuta cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci (2 Tasalonikawa 3:10). A mako na huɗu ki daɗe a kan misalin tumaki da awaki na sura 25. Ba a tambaye su ko sun iya lissafin Daniyel ba. Abinci, ruwa, masauki, sutura, gai da marar lafiya, ziyarar ɗan kurkuku, abu shida ke nan da aka duba. Ki karanta Afisawa 2:8 har zuwa aya 10, kada ki tsaya a 9, sannan Yakubu 2:15-17, don kada wani ya ɗauka ayyukan ne ke sayen ceto, ko kuma ya ce ba ruwansa da su.

Malamar Makarantar Lahadi, Katsina:
Na gode iyayena. Zan mai da shi mako biyar, Matiyu 13 a farko. Baba Fasto, Daniyel 9 fa, in taɓo ta a aya 15 ta Matiyu 24 ko in bar ta sai ajin manya?