Jama'a ba su ƙaru ba, kuma ana kukan ƙarancin ma'aikata: yaya ake karanta alƙaluman yankin Pittsburgh?

Nafisa Aminu

Assalamu alaikum. Ina rubuta takardar bincike kan yankunan tattalin arziki da suka ƙunshi gundumomi da yawa, kuma misalin da malaminmu ya ba ni shi ne yankin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Tun da na fara tattara alƙaluma nake cikin ruɗani, domin kowane adadi na ɗauko sai ya ƙaryata ɗan'uwansa. Ƙidayar 1950 ta nuna mutum 676,806 a cikin birnin, ta 2020 kuwa ta nuna 302,971, wato fiye da rabi sun tafi. Amma gundumar Allegheny, wadda birnin yake cikinta, ta ƙaru daga 1,223,348 a 2010 zuwa 1,250,578 a 2020, yankin gaba ɗaya da gundumominsa bakwai kuma yana da mutum kusan miliyan 2.37 a 2020, kusan daidai da yadda yake shekara goma kafin nan. A lokaci guda ina karanta cewa masu ɗaukar aiki a can suna kukan ba su samun ma'aikata. Tambayata ita ce, da wace iyaka ya kamata in yi awo, ta birni, ta gunduma ko ta yanki? Sannan ta yaya wurin da aka sani da rasa ayyukan masana'antu zai koma neman ma'aikata ruwa a jallo? Zan yi godiya ga duk wanda ya haska mini.

Malam Sagir

Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Alƙaluman naki ba su ƙaryata juna ba, abubuwa daban-daban suke aunawa, kuma sai kin raba su kafin rubutun ya miƙe.

Ƙidaya tana lissafa mutum a inda yake kwana. Yawancin alƙaluman guraben aiki kuwa daga wurin masu ɗaukar aiki ake tattaro su, don haka suna lissafa mutum a inda yake wuni. Adadin marasa aikin yi na kowace gunduma shi kuma ya sake komawa ga inda mutum yake zaune. Saboda haka wanda gidansa yake gundumar Butler amma ofishinsa yake tsakiyar Pittsburgh, ƙidaya za ta rubuta shi a Butler, lissafin guraben aiki ya rubuta shi a Allegheny, kuma in kika raba guraben aikin wata gunduma da yawan mazaunanta ba tare da kin lura da wannan ba, za ki fito da sakamakon da bai da asali.

Wannan zirga-zirgar ce ma dalilin da ya sa ake haɗa gundumomi wuri guda. Ofishin kula da kasafi na fadar shugaban Amurka ne yake shata iyakokin irin waɗannan yankuna, kuma babban ma'auninsa shi ne, in kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan wata gunduma ta gefe suna zuwa aiki a gundumomin tsakiya, to a shigar da ita cikin yankin. Da haka Armstrong, Beaver, Butler, Fayette, Washington da Westmoreland suka haɗu da Allegheny suka zama bakwai. Ki kula da kyau a nan: a 2023 an ƙara gundumar Lawrence, suka koma takwas. Duk wanda ya kwatanta adadin bayan 2023 da na kafinsa ba tare da gyara ba zai ga kamar yankin ya samu ƙarin dubban mutane cikin dare ɗaya, alhali layi ne kawai aka matsar a taswira.

Game da birnin kansa, raguwarsa gaskiya ce, sai dai ba duk waɗanda suka bar shi ne suka bar yankin ba. Iyakar birnin ƙanƙanuwa ce, gundumar Allegheny kaɗai tana da ƙananan hukumomi 130, don haka iyalin da ya tashi daga tsohuwar unguwa ya koma sabon gida mai nisan minti ashirin a mota ya fita daga lissafin birni, amma yana nan a bakin aikinsa na da. Shawarata ita ce ki ɗauki yanki a matsayin ma'aunin kasuwar aiki, ki riƙe gunduma don nuna yadda jama'a ke sauya mazauni a cikinsa, birni kuma ki ajiye shi don batun haraji. Nan ne abin ya fi yi masa ciwo, domin masu shigowa aiki daga waje suna amfani da titunansa da jami'an tsaronsa, amma harajin albashinsu mafi yawa ana biyansa ne a inda suke zaune, manyan jami'o'i da asibitoci kuma doka ta ɗauke musu harajin gine-gine. Daga ƙarshen 2003 har zuwa 2018 birnin yana ƙarƙashin sa-idon jiha saboda matsalar kuɗi.

Maman Khalil

Malam Sagir ya gama da batun awo, bari in ɗauki tambayarki ta biyu, 'yar'uwa Nafisa, tunda a yankin nake zaune kuma aikin jinya nake yi a wani asibiti.

Amsar tana cikin shekarun 1980. Lokacin da masana'antun ƙarfe suka durƙushe, rashin aikin yi a yankin ya haura kashi 17 cikin 100 a farkon 1983, a gundumar Beaver ma ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Waɗanda suka tattara kayansu suka tafi ba tsofaffi ba ne, matasa ne 'yan shekara ashirin da talatin, masu ƙarfin fara rayuwa a wani wuri. Dattijon da ya riga ya mallaki gida kuma ya kusa karɓar fansho bai motsa ba. To matashin da ya tafi bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da 'ya'yan da zai haifa, da jikokin da za su biyo baya. Shi ya sa tun daga tsakiyar shekarun 1990 mace-mace suka fara rinjayar haihuwa a yankin, abin da ba a saba gani a manyan yankunan Amurka ba a wancan lokaci.

Ni a ɗakin marasa lafiya nake ganin wannan lissafi. In na yi aikin dare, yawancin gadaje tsofaffi ne a kansu, kuma in na buɗe takardar da ake rubuta lambar wanda za a kira in wani abu ya taso, sau da yawa sai in ga ɗan yana Texas, 'yar tana Florida ko North Carolina. Wata dattijuwa ta taɓa nuna mini hoton mijinta sanye da hular kwano a ƙofar masana'antar ƙarfe ta Homestead, wadda aka rufe a 1986. Wurin yanzu kantuna ne da gidajen abinci, ba abin da ya rage na da sai dogayen bututun hayaƙi goma sha biyu da aka bari a tsaye kusa da filin ajiye motoci.

To ki haɗa biyu da biyu. Tsofaffi suna da yawa, suna buƙatar jinya da kulawa, kowace shekara kuma wasu dubbai suna ajiye aiki, waɗanda za su gaje su ba su kai yawansu ba. Baƙi daga ƙasashen waje, waɗanda suka cike irin wannan giɓi a wurare kamar Houston da New York, kaɗan ne suke zuwa nan, kasonsu bai wuce huɗu zuwa biyar cikin ɗari na jama'a ba. Ƙarancin ma'aikata a irin wannan hali ba lallai ne ya zama alamar bunƙasa ba, domin adadin marasa aikin yi yana iya sauka ko da guraben aiki ba su ƙaru ba, in dai masu neman aikin ne suka ragu. Ki sa wannan a takardarki, don mutane da yawa suna ganin adadin ya yi ƙasa sai su yi ta murna ba tare da sun duba dalili ba.

Ba na musun cewa an samu sabon ginshiƙi. Rukunin asibitocin UPMC shi ne mafi yawan ma'aikata a duk jihar in an cire gwamnati, ga Jami'ar Pittsburgh, ga Jami'ar Carnegie Mellon wadda ta buɗe cibiyar nazarin mutum-mutumi tun 1979, kuma albarkacinta kamfanonin fasaha suka kafa rassa a nan. Sai dai waɗannan ayyuka sun taru ne a unguwanni ƙalilan na birni.

Bashir Ɗanlami

Ina tare da Maman Khalil a kan batun shekaru, amma ina da ja da shawarar Malam Sagir ta ɗaukar yanki a matsayin babban ma'auni. Jimilla tana ɓoye abu da yawa. Malama Nafisa, warware gundumomin ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2010 da 2020 ki gani. Butler ta tashi daga 183,862 zuwa 193,763. Westmoreland ta sauka daga 365,169 zuwa 354,663, Fayette kuma daga 136,606 zuwa 128,804. In kika haɗa su za ki ce yanki bai motsa ba, alhali wani ɓangare yana cika, wani yana zubewa.

Ƙaruwar Butler ba abin mamaki ba ce ga wanda ya duba taswirar hanyoyi, domin garin Cranberry yana daidai mahaɗar manyan hanyoyi biyu, ga fili na gina gidaje da ofisoshi, har kamfanin Westinghouse ya mayar da hedikwatarsa can. Fayette kuwa ƙasar kwal ce, arzikinta na da ya dogara ne ga gasa kwal don tandun narka ƙarfe, kuma da ƙarfen ya tafi ba abin da ya maye gurbinsa da irin wannan girma. Mutumin da ke can ba zai iya zuwa aikin asibiti a Pittsburgh kullum ba sai da mota da fiye da awa guda a hanya, don haka cewa suna kasuwar aiki ɗaya da mazaunin Cranberry magana ce ta takarda. Ko a cikin Allegheny kanta akwai Braddock, garin da ya haura mutum 20,000 a 1920, ya koma ƙasa da 2,000 a 2020, duk da cewa masana'antar ƙarfensa tana aiki har yau.

Akwai kuma darasin iskar gas. Tun da aka haƙa rijiyar farko a shimfiɗar dutsen ƙarƙashin ƙasa mai suna Marcellus a gundumar Washington a 2004, an yi ta alkawarin cewa ƙauyuka za su farfaɗo. Kuɗi sun shigo, masu gonaki sun karɓi kuɗin haya, amma yawan jama'ar Washington ya tashi ne kawai daga 207,820 zuwa 209,349 tsakanin 2010 da 2020. Haƙar gas tana cin jari mai yawa da ma'aikata kaɗan, kuma da yawan masu haƙar 'yan ci-rani ne daga wasu jihohi, suna kwana a otal, in aiki ya ƙare su ƙara gaba. Haka masana'antar roba da Shell ta gina a Beaver: dubban mutane ne suka yi aikin ginin, amma da ta fara aiki a 2022 ma'aikatanta na dindindin kimanin 600 ne. Saboda haka kada ki auna lafiyar gunduma da yawan kuɗin da aka zuba a cikinta.

Nafisa Aminu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa tambayoyi uku na cakuɗa wuri guda. Abin da ya rage mini shi ne saɓanin Malam Sagir da Malam Bashir: in malami ya ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak, wanne zan kare?

Malam Sagir

Gyaran Malam Bashir yana kan hanya, na karɓa, musamman a kan Fayette. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa ki fara da yanki, domin in kika fara da gunduma za ki ɗauki ƙaruwar Butler a matsayin nasarar Butler ita kaɗai, alhali da yawan sababbin mazaunanta albashinsu daga Allegheny yake fitowa. Ki sa jimillar yanki a sama, gundumomi a ƙarƙashinta, kowacce da layuka uku: yawan jama'a, yawan 'yan shekara 25 zuwa 54, da yawan guraben aiki. Layi na tsakiya shi ne zai nuna miki abin da Maman Khalil take gani a ɗakin jinya. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana kuma fitar da bayanan zirga-zirgar ma'aikata tsakanin gundumomi, inda za ki ga mutum nawa ne ke kwana a Fayette suna aiki a Allegheny, kuma da wannan adadi ne za ki iya yanke hukunci tsakanina da Malam Bashir. Ki kuma rubuta a ƙasan jadawalin ko gundumomi bakwai kika lissafa ko takwas.