Masu haɗa manhaja mai taga: me kuka ci karo da shi tsakanin Windows, Linux da Mac?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina haɗa ma wani Alhaji ƴar manhajar lissafin kaya ta shagonshi a kasuwar Dole, da Python da Tkinter, kayan haɗa taga na Python. Kwamfutar shagon Windows ce, tawa kuma Ubuntu. Kod ɗin ɗaya ne amma halin tagar ba ɗaya ba ne. A shagon da an danna fitar da rahoton wata sai tagar ta yi fari-fari ta rubuta Ne répond pas, wato ba ta amsawa, a sama, yaron shago ya tsorata ya kashe ta da ƙarfi. Dan Allah kowa ya faɗi irin wadda ya taɓa sha, mu ƙaru da juna.

Malamin info:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan kowa ya sha ta. Duk abin da ya faru da tagarka, danna suri ne, maɓalli ne, rufewa ne, sistem na jera maka shi a layi kaman masu jarka a bakin famfo, mainloop, zagayen Tkinter mai kula da tagar, ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya. To kai ka sa lissafin rahoton cikin maɓallin kanshi, har ya gama ba mai kula layin, shi kuma Windows in ya ga daƙiƙa 5 ba ka ɗauki saƙo ba sai ya ce ka sandare. Kai aikin mai nauyi wani zare daban, wato layin aiki mai tafiya a gefe, da threading, sakamakon ya faɗa cikin queue, kai kuma ka riƙa leƙawa da root.after, root ɗin shi ne babbar tagarka. Amma kar ka taɓa tagar daga wancan zaren. A Windows wani sa'in zai bar ka ka yi ta yi har ranar da zai kunyata ka gaban mai shago, Mac kam ba ya wannan wasan, Cocoa, mai kula da tagogin Mac, babban zare kawai ta yarda ya taɓa taga. Sannan ka kama alamar rufewa da root.protocol("WM_DELETE_WINDOW") ka tambayi mutum ko ya adana kafin ta tafi.

Ɗaliba daga Zango:
Ni tawa klabiye ce wallahi, kuma ina ga mu nan Damagaram mun fi kowa shan wannan. Rabin kwamfutocinmu AZERTY ne na Faransa, rabi QWERTY ne da ake kawowa daga Kano. Na yi ɗan wasa da SDL2, kayan haɗa wasannin kwamfuta, tafiya da W A S D, a tawa lafiya lau, na kai ma ƙawata mai AZERTY sai ta ce ita W ɗinta can ƙasa yake ina za ta kai yatsa, hhh. Ashe duk maɓallin da aka danna SDL abu biyu take ba ka, sym shi ne harafin da klabiyen mutum ke bayarwa, scancode shi ne mazaunin maɓallin ko me aka rubuta a kai. Da na koma scancode sai wurin ya zama Z Q S D a wajenta, hannu bai canza ba.
Amma fa wannan na tafiya ne kawai. Wajen rubuta suna ko kuɗi duka biyun ba su yi, don a AZERTY layin lambobi sai ka haɗa da Shift, in ba haka ba 1 ya ba ka alamar &, 2 ya ba ka é. Ga kuma ê da sai ka danna hular tukuna sannan e, dannawa biyu harafi ɗaya, ga namu ƙ ɗ ɓ ƴ da kowa da irin dabarar da yake shigar da su. SDL_TEXTINPUT ne ke kawo maka harafin a haɗe cikin UTF-8 bayan sistem ya gama nashi. Wanda zai koma SDL3, wadda ta fito watan Janairu 2025, ya sani can ba a kunne yake ba, sai ka kira SDL_StartTextInput da kanka ka ba shi tagar.

Mai gyara a Sabon Gari:
Ni da GLFW nake aiki, ita ma kayan buɗe taga ce kaman SDL. A Windows da ka kama kan tagar kana ja, glfwPollEvents ba ya dawowa sai ka saki, hoto ya tsaya cak, a Linux ban taɓa ganin haka ba. Na sa zanen cikin glfwSetWindowRefreshCallback, wajen ƙara girman taga ya yi sauƙi sosai. Kuma in aka sauke taga ƙasa Windows na ba ka girma 0 da 0, in kana raba faɗi da tsawo ka duba kafin ka raba.

Ɗan Mirya:
Duk ba wanda ya yi maganar kuran. Ni da Qt nake aiki, wani kayan haɗa manhaja mai taga, na yi ma wani farmasi manhaja, na kama closeEvent, na kama commitDataRequest don in mutum ya kashe kwamfuta ba tare da ya rufe taga ba, a Windows wannan WM_QUERYENDSESSION ne ke zuwa ta ƙasa. Duk suna aiki. To amma in kuran ya ɗauke kuma babu ondila, batir mai riƙe kwamfuta, fa? Ba saƙon da zai zo maka, babu sallama. Shi ya sa ni ra'ayina duk wanda ke jiran lokacin rufewa kafin ya adana bai san inda yake zaune ba. Kowane ciniki ya shiga ma'ajiyar bayanai ta SQLite nan take, kama rufewar ya zama ƙari ne kawai.
Wani abu kuma ga masu SDL da GLFW, in ba wasa kake yi ba ka bar zagayen da ke ta tambaya ba hutawa, ka sa SDL_WaitEvent ko glfwWaitEvents ya kwanta har sai saƙo ya zo. Lokacin bazara ka ga fankar fortabul na ta kuka, batir na zuba, alhali ba abin da manhajar ke yi sai kallon ekran.

Malamin info:
Gaskiyarka Ɗan Mirya. Tunda kai Qt ne ka gwada Wayland kuwa, sabon tsarin nuna taga na Linux mai maye gurbin X11? Ubuntu 22.04 da shi take zuwa. In manhajarka na tafiya kai tsaye a kanshi, move() ba ya komai, ba ka da ikon cewa taga ta fito wuri kaza, ba ma a faɗa maka inda take. Wani ɗalibina ya adana mazaunin taga don ta dawo nan gobe, a X11 da Windows ta dawo, a Wayland ta fito inda aka ga dama. Girman ne kaɗai ya dawo.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na sa zaren da queue, yanzu rahoton na fita tagar na motsi abinta. Saura ɗaya, na ɗaura <Configure>, saƙon canjin girman taga, kan root don teburin kaya ya bi girman taga, amma kira yake ta yi ba iyaka ko ban ja komai ba, har kwamfutar shagon na nauyi.

Malamin info:
Abin da ka ɗaura kan root duk ƴaƴan tagar ma suna tada shi, kowane maɓalli da kowane akwati. Fara da duba ko event.widget shi ne root, in ba shi ba ne ka fita. Sannan kar ka sake zana teburin nan take, sa after na kaman milisakan 200, wani kiran ya zo ka soke na farkon da after_cancel, sai mutum ya saki suri a zana sau ɗaya. Ka gwada a ta shagon, ba taka ba.