Dan Allah a ba ni shawara: in mayar da sabon Resident Evil 4 ko in daure?

Ɗan Auta:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Tun ina firamare yayana yake da PS2, a ɗakin zaure yake ajiye ta, kuma gem ɗin da ya fi so a duniya shi ne Resident Evil 4, tsohon na 2005. Da an kawo wuta da daddare zai leƙo cikin gida ya ce auta taso, ni kuma in zauna gefensa a kan tabarma, muna rage murya kada Baba ya ji. Har yau ina tuna yadda duk sanda ya sake faro gem ɗin sai ya tsaya ya cire karen nan daga tarko a farkon hanya, yana cewa ka ga wannan, zai rama mana alheri, can gaba kuwa sai ga karen ya fito yana haushi lokacin faɗa da ƙaton dodon nan El Gigante. Yaya ya rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙansa, PS2 ɗin ma ta daɗe da mutuwa.

To da na samu PS4 na hannu, burina ɗaya in yi sabon da Capcom suka sake yi a 2023. Na tara kuɗi, na haɗa da faifan ƙwallona na bayar aka ba ni shi. Wallahi ranar da na saka, abin da na fara cin karo da shi gawar kare ce a tarko, jikina ya yi sanyi. Komai duhu, wuƙa tana karyewa, mutanen ƙauyen suna zuwa da gudu ta ko'ina. Yanzu ina babi na 5, gidan nan da ake kewaye Leon, jarumin gem ɗin, da abokinsa Luis, kwana shida ke nan na kasa wucewa. Harsashi bai kai goma ba, wuƙa ta karye, ganyen magani ɗaya. Mai shagon ya ce in na kawo kafin Juma'a zai karɓa ya rage wani abu. In mayar in nemi tsohon tunda akwai shi a PS4, ko in daure? Na rasa yadda zan yi.

Bakatsine:
Allah ya jiƙan yaya ya sa ya huta. Amma ba ka faɗa mana a wane matakin wahala kake yi ba, Standard ne ko me?

Tsohon Hannu:
Allah ya gafarta masa. Ƙanina saurare ni da kyau, ni na yi na GameCube, na yi na PS2, na gama sabon nan sau huɗu har da Professional, saboda haka abin da zan faɗa maka ba ji na yi a bakin wani ba. Kada ka mayar. Matsalarka ba gem ɗin ba ce, kana yin sabo da hannun tsoho ne. A tsohon Leon ba ya iya tafiya in ya ɗaga bindiga, dole ya tsaya cak, shi ya sa su ma mutanen ƙauyen in sun matso kusa sai su rage gudu su ba ka lokaci. A sabon kana tafiya kana saiti, to su ma an sake su. Wanda ya tsaya waje ɗaya ya mutu. Kuma wuƙar nan da kake kuka da ita ita ce rabin gem ɗin, da ita kake tare gatari da lauje, kai har injin yankan katakon mai buhu a kai tana tarewa. Ba don yanka akwatuna aka ba ka ita ba. Duk sanda ka je wurin ɗan kasuwan cikin gem ɗin, gyaran wuƙa ne farko kafin ka kalli wata bindiga. A gidan nan kuwa, katakon da suke yarwa ka ɗauka ka toshe tagogi, ka harbi kai ko gwiwa in ya yi tangaɗi ka kai masa ƙafa, in abin nan ya fashe daga wuyansu ka jefa gurneti mai haske, nan take suke mutuwa. In sun fara kafa tsani ka hau sama ka riƙa turewa. Mai kan sa da guduma shi kaɗai za ka ajiye wa shotgan.

Ɗan Auta:
Amin na gode. Yaya Tsohon Hannu duk na gwada toshe tagogin, kafin in gama ɗaya sun shigo ta ɗayar. Gurneti mai haske kuma ba ni da ko ɗaya, na yi amfani da su a wajen El Gigante tunda ni kaɗai na yi faɗan ba kare.

'Yar Damagaram:
Ayya ɗan uwa, ai karen yana nan a sabon, ba su cire shi ba. Wanda ka gani a farko wani ne. A babi na 3 in ka fito daga gidan shugaban ƙauyen za ka ji kukansa a gefen gidan, tarko ya kama masa ƙafa, in ka cire shi yana zuwa ya taya ka faɗan kamar dā. Ni sai da na yi ƙwalla da na gan shi. Ni a ganina ka riƙe faifanka, ko don Ashley, yarinyar da Leon ya je ceto. A tsohon ihunta kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai, a nan kuwa ta zama mutum, tana magana da hankali, kuma babu ma'aunin lafiyarta da za ka yi ta ƙarar da ganye a kanta.

Ɗan Auta:
Innalillahi. Wato na wuce shi yana cikin tarko? Wallahi na ji kuka a wajen, na ɗauka irin karnukan nan ne masu cizo na gudu. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Mai Shagon Gem:
Ni fa ban yarda da maganar Tsohon Hannu ba. Yaron nan ba ƙwarewa ya zo nema ba, abin da ya saba gani da ɗan uwansa yake nema, kuma ba zai same shi a sabon ba ko ya gama shi sau goma. Shekara nawa ina da shago, na ga masu irin wannan. Tsohon yana da wani haske-haske na ruwan ƙasa, yana da raha, Leon yana zolayar Salazar a rediyo, ga wurin kebul ɗin nan da ake hawa a sama ana harbi, ga ɗakin wutar leza, ga dodon U-3, duk sun fitar da su daga labarin Leon. Wasu sun mayar da su cikin Separate Ways, ƙarin labarin Ada, shi kuma sai ka sake biyan kuɗi, alhali a PS2 a cikin faifan yake kyauta. Ka mayar ka ɗauki tsohon da aka gyara wa hoto na PS4, ya fi araha nesa ba kusa ba, canjin ka sa a aljihu.

Tsohon Hannu:
Malam kai kasuwa kake gani. Ka ba yaron da ya saba da gem ɗin zamani tsohon nan ka gani in zai yi awa ɗaya, juyawa kaɗai sai ta gagare shi, Leon kamar tirela yake juyawa. Ga danna maɓalli da sauri a tsakiyar fim, ka ajiye hannun gem kana kallo kawai dutse ya biyo ka ko Krauser ya soke ka. Sabon ya cire yawancin wannan, faɗan Krauser da wuƙa ya zama faɗa na gaske da kai kake yi da hannunka. Luis ma an ba shi labari mai ma'ana. Ni ina girmama aikin Shinji Mikami, shi ya canza yadda ake yin gem ɗin harbi da kyamara a bayan kafaɗa, amma gaskiya gaskiya ce, sabon ya fi.

Na Sabon Gari:
Ku dai kuna ta yabon masu sake tsofaffin gem, ni har yau ban huce da Resident Evil 3 na 2020 ba. Na jira shi kamar me, na zauna bayan la'asar, kafin in kwanta na ga ƙarshe. Ina hasumiyar agogo? Babu. Nemesis da a na 1999 yake bin ka lungu-lungu ba ka san inda zai ɓullo ba, a nan sai wuraren da aka tsara masa. Mr. X na Resident Evil 2 na 2019 ya fi shi ban tsoro sau goma, takunsa kaɗai in ka ji a saman bene a ofishin 'yan sandan nan sai cikinka ya ɗuri ruwa. Tun daga nan na daina saya da ɗoki, sai na ga wani ya yi tukuna.

Bakatsine:
Har yanzu fa ba a amsa min ba. Wane mataki ka zaɓa?

Ɗan Auta:
Hardcore ne. Ai gem ɗin da kansa ya rubuta cewa shi ne na waɗanda suka yi na 2005.

Bakatsine:
To ai ga matsalar nan. Kai da hannunka ka taɓa gama tsohon?

Ɗan Auta:
Gaskiya yawanci yaya ne yake riƙe hannun, ni ina nuna masa inda abu yake ƙyalli, sai in an zo wurin ɗan kasuwa ya miƙo min in jera masa kaya a cikin akwatin, don ya ce na fi shi iya jerawa. Amma na san gem ɗin ciki da waje, na san kowane lungu, ba baƙo ba ne ni.

Tsohon Hannu:
Shi ke nan magana ta fito. Kallo daban, yi daban. Ka goge ka faro daga farko a Standard, yau ɗin nan. Awa huɗu zuwa biyar ka dawo inda kake, da harsashi, da kuɗi, ka ceci karenka, ka tsaya a jirgin da ya lalace a tsakiyar tafki ka ɗauki bindigar Red9 kyauta, ka riƙa saka duwatsu masu daraja a cikin kayan ado kafin ka sayar don kuɗin ya ninka, ka yi ayyukan takardun nan shuɗɗa. Babu wata shawara bayan wannan, duk wanda ya ce maka wani abu daban ɓata maka lokaci yake.

Malam Shiru:
Ba sai ya faro daga farko ba. In yana da sebin na baya a tafireta, inda ake ajiye wasa, ya koma wanda yake kafin ya ɗauko Ashley daga coci, ya sayar da abin da ba ya amfani da shi, ya gyara wuƙa, ya haɗa harsashi da garin bindigar da ya tara. Mutane da yawa suna mantawa ana haɗa harsashi a sabon.

Ɗan Auta:
Waje ɗaya nake yin sebin, kullum a kansa nake dannawa. Kuma maganar in faro daga farko, ku ba ku san wahalar da na sha ba, dandalin ƙauyen nan kaɗai dare huɗu na yi kafin ƙararrawar coci ta kaɗa, ga wuta sai ta ga dama, wani lokacin ina tsakiyar faɗa a ɗauke. Sannan yaya bai taɓa yin gem a mai sauƙi ba, ko sau ɗaya. In na sauko ji zan yi kamar ban yi shi yadda ya kamata ba.

'Yar Damagaram:
Standard ba mai sauƙi ba ne ɗan uwa, Assisted ne mai sauƙin. Kuma yayanka ma ai da Normal ya fara, don a tsohon sai ka gama sau ɗaya Professional yake buɗewa.

Na Sabon Gari:
Maganar wuta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni janareta nake tayarwa, in lissafa kuɗin mai in lissafa awannin gem, shi ya sa gajeren gem yake ƙona min rai, dogo kuma yake cinye min aljihu. Ga Silent Hill 2 da Bloober Team na ƙasar Poland suka sake yi a 2024, kowa yana yabo, an ce hazon garin kaɗai abin kallo ne, amma babu shi a PS4, sai sababbin injina irin PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi. Mu masu tsohon inji an bar mu a baya.

Mai Shagon Gem:
Shi ya sa na ce ya mayar tun Juma'a ba ta yi ba. In ta wuce, faifan ya zama nasa, in ya zo sayarwa daga baya rabin kuɗi ma da ƙyar.

Tsohon Hannu:
In ya mayar zai yi nadama, ku rubuta ku ajiye. Bai ga fadar Salazar ba, bai ga Garrador makaho mai farata ba, bai ji numfashin Regenerador a tsibiri ba, babi 16 ne yana na 5. Ƙanina ka ajiye zuciya a gefe ka bi abin da na faɗa maka.

Ɗan Auta:
Na ji duka, na gode Allah ya saka. Amma ni dai ban ga laifina ba da na zaɓi Hardcore, abin da aka rubuta na bi. Daren jiya na kusa, har mai kan san ya shigo na zuba masa shotgan biyu da suka rage min, sai wani ya riƙe ni ta baya ba wuƙar ƙwacewa. Zan sake gwadawa yau in an kawo wuta. Abin da nake so in sani, in na wuce gidan nan akwai hanyar komawa wajen karen, ko shi ke nan ya tafi?

Bakatsine:
Ya wuce gaskiya, sai dai a sabon zagaye.

Ɗan Auta:
To tsohon na PS4, karen yana farkon hanya kamar yadda na sani? Kuma mai shago, in na kawo ranar Asabar da safe fa, ana karɓa?