Malaman lissafi, ina neman dabara

Assalamu alaikum malamai ƴan uwa. Ina koyar da lissafi a wani lise (babbar sakandare) a nan Maradi, ajin waɗanda suka ci BEPC, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, bara. Da na rubuta x da y a allo sai aji ya mutu murus, na baya su kifa kai a tebur. Kuma wallahi yaran nan ba dolaye ba ne. Akwai mai taya babansa tsaron shago a kasuwa, da ka yake juya naira zuwa sefa, ya faɗa maka dala nawa ne kafin ka lalubo waya. Amma ka ba shi wannan lissafin da haruffa, cikin Faransanci, sai ya yi tsuru-tsuru.

Darasin Thalès, wato na gano tsawon abu ta hanyar kwatanta shi da wani, kam na samo masa magani: mun fita tsakar makaranta mun auna tsawon icen dogon yaro ta hanyar kwatanta inuwarsa da ta sanda, har masu gyangyaɗi suna rububin riƙe igiya.

Inda na cije shi ne fonksiyon (ƙa'idar da ke haɗa kowace lamba da sakamakonta) da vektar (kibiya mai nuna tsawo da inda aka dosa). Da me zan kwatanta su? Ajin cike yake maƙil, ba kwamfuta, alli kawai gare ni, ga manhajar karatu tana jira. Wanda ya gwada wani abu ya yi aiki, don Allah ya taimaka mini.